Yadda za ka zana fastar fim irin ta Turai ta zamanin da

A shekarar 1948 aka ba wani mai zane ɗan ƙasar Poland, Tadeusz Trepkowski, aikin fastar wani fim da ke ba da labarin matan da 'yan Nazi suka tsare a sansanin Auschwitz lokacin yaƙin duniya na biyu. Bai zana fuskar 'yar wasa ko ɗaya ba. Ya cika takardar da ratsi irin na rigar fursunonin sansanin, ya sa lambar fursuna, sannan ya ɗora fure guda ɗaya wanda karansa ya karye. Mutumin da ke wucewa a titin Warsaw, wanda yaƙi bai daɗe da rushe masa gari ba, da ya ɗaga kai ya gani, ya san abin da ake nufi.

Na fara da wannan fasta ne saboda kuskuren da na fi gani a wurin masu son kwaikwayon tsofaffin fastocin Turai. Sai mutum ya haɗa fasta irin ta yau, fuskoki shida jere, ya shafa mata launin tsohuwar takarda, ya ƙara ɗan yagewa a gefe, ya ce ya yi ta zamanin da. Tsufan waɗannan fastoci yana cikin yadda aka yi tunaninsu ne, da kuma ƙuncin kayan aikin da ya tilasta wa mai zane ya zaɓi abu ɗaya ya bar sauran. Matakan da ke tafe za su yi maka amfani ko da buroshi kake aiki, ko da Photoshop, CorelDraw ko Krita.

Mataki na farko: kalli fim ɗin, ka fito da magana ɗaya

Kada ka taɓa fensir tukuna. Kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, da takarda a gefenka, kana rubuta abubuwan da ke yawan dawowa: ƙofa, agogo, takalmi, wuƙa, taga, hannu. Bayan ka gama, rubuta abin da fim ɗin yake nufi a jimla ɗaya wadda babu sunan jarumi a cikinta. Misali: "mutum yana gudun abin da yake ɗauke da shi a aljihunsa." Idan jimlar ta kai layi uku, ba ka gama fahimtar fim ɗin ba, koma ka sake kallo.

Daga nan sai ka nemi inda jimlar da ɗaya daga cikin abubuwan da ka rubuta suka haɗu. A wannan mahaɗa fastar take. Wiktor Górka ya yi haka a 1973 da fastar Poland ta fim ɗin Cabaret, wanda labarinsa ke faruwa a wani gidan rawa na Berlin daidai lokacin da 'yan Nazi ke tasowa. Ya ɗauki ƙafafu huɗu na masu rawa, sanye da baƙar safa, ya tanƙwara su suka ba da siffar tambarin Nazi, ya sa fuskar mai waƙa a tsakiya. Rawa da siyasa sun zama hoto guda.

Mataki na biyu: zaɓi gidan da za ka shiga

Babu wani abu guda da ake kira salon Turai. Kowace ƙasa da hanyarta, kuma idan ka cakuɗa su ba da sani ba, aikin zai fito kamar miyar da aka zuba wa kowane irin kayan yaji. Zaɓi gida ɗaya ka zauna a ciki har ka gama.

Gidan Italiya na masu iya zanen fuska ne. Anselmo Ballester, Luigi Martinati da Alfredo Capitani, waɗanda suka haɗu suka buɗe ɗakin zane a Roma da sunan BCM, da na bayansu irin su Renato Casaro, sun riƙa zana taurari da fenti mai kauri: haske yana dukan rabin fuska, ɗaya rabin ya nutse cikin kore ko shuɗi, bayan kuma ja kamar gobara. Gefen hoton ba a gama shi, ana barin sawun buroshi a fili. Idan hannunka bai faɗa a zanen fuska ba, kada ka fara daga nan, domin hanci ɗaya da ya karkace ya isa ya ɓata fastar.

Gidan Rasha na shekarun 1920 kuwa na lissafi ne da motsi. 'Yan'uwa biyu, Vladimir da Georgii Stenberg, su ne manyansa. Injinan buga takarda na lokacin ba sa iya fitar da babban hoto da kyau, sai suka ƙera wani irin majigi da ke haska hoton fim a bango, su bi shi da hannu su zana. Layukansu a karkace suke, fuska ƙatuwa kusa da mutum ɗan ƙarami, launi shimfiɗe ba inuwa. A fastarsu ta fim ɗin darakta Dziga Vertov na 1929 sun kalli dogayen gine-gine daga ƙasa zuwa sama, suka rarraba jikin mace yana juyawa a tsakiya, rubutun kuma yana zagaye kamar faifai.

A Jamus ta Yamma akwai Hans Hillmann, wanda ya yi wa kamfanin Neue Filmkunst fastoci sama da 100 tsakanin 1953 da 1974, yawancinsu baƙi da fari, hoto ɗaya da aka yanke a wurin da ba a zata ba, da fili mai yawa. A tsohuwar ƙasar Chekoslobakiya kuma almakashi ne sarki: irin su Karel Teissig da Karel Vaca suna yanko hotuna da tsofaffin zane-zanen littattafai su manna su wuri guda, su haifar da abu kamar mafarki.

Sai gidan Poland, wanda ni dai shi nake ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ce kaɗai ke rarraba fina-finai a ƙasar, don haka babu gasar kasuwa, babu kuma ɗan wasan da zai ce sai an sa fuskarsa ta fi ta kowa girma. Henryk Tomaszewski, Eryk Lipiński da Trepkowski sun karɓi aikin da sharaɗin ba za su bi salon talla ba. Bayansu aka samu Jan Lenica, Waldemar Świerzy, Roman Cieślewicz da Franciszek Starowieyski. Abin ya girma har Warsaw ta fara taron fastoci na duniya a 1966, ta buɗe musu gidan tarihi a Wilanów a 1968. Abin da ya sa nake son wannan gida shi ne yana yafe wa hannu, amma ba ya yafe wa kai. Layinka zai iya karkacewa, fentinka zai iya ɗiga, muddin tunanin yana da kaifi.

Mataki na uku: girman takarda

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma a yanke shi tun yanzu, domin siffar takarda ita ke faɗa maka inda abubuwa za su zauna. Babbar fastar Faransa santimita 120 ce a faɗi, 160 a tsawo. Italiya tana da mai 100 da 140, da mai 140 da 200, sai kuma siririya da suke kira locandina, 33 da 70, wadda ake barin farin fili a samanta don gidan silima ya rubuta rana da lokaci. Ta Ingila a kwance take, inci 40 a faɗi, 30 a tsawo. Jamus da Poland sun yi amfani sosai da A1, wato 59.4 da 84.1. Ta Beljiyam ƙarama ce, kuma sunan fim yana zuwa a harsuna biyu, Faransanci da Filemanci.

Ɗauki A1 idan ba ka da wani dalili na daban, don kowace madaba'a ta san shi, kuma yana raguwa zuwa A2 ko A3 ba tare da ka yanke komai ba.

Mataki na huɗu: ƙananan zane

Samo farar takarda, ka zana akwatuna 20 ko 30, kowanne kamar girman kwalin ashana. Da baƙin alƙalami mai kauri za ka cika su, kowanne da wata hanya dabam ta faɗar jimlarka. Kada ka ba kowane akwati fiye da minti biyu. Goman farko za su fito da abin da kowa zai yi tunani, zuciya, bindiga, ido mai hawaye. Ci gaba. Abin kirki yakan zo ne bayan hannu ya gaji da na kowa-da-kowa.

Dalilin ƙanƙantar shi ne wannan: fasta a bango daga nesa ake ganinta, kuma daga tsallaken titi girmanta a ido bai wuce kwalin ashana ba. Abin da bai karantu a ƙaramin akwati ba, ba zai karantu a bango ba, komai kyan fentin. Zaɓi uku, ka jingina su a bango, ka ja da baya taku biyar, ka runtse ido kaɗan. Wanda siffarsa ta tsaya daram ko da baƙi ne zalla, shi ne naka. Lura kuma da farin filin da ya rage. Kada ka ji tsoronsa ka cika shi da tarkace. Mu da muka saba da fastocin fina-finanmu na Kano, inda ake son kowane jarumi ya leƙo don mai saye ya gan shi, barin rabin takarda ba komai yana mana wuya, amma a nan ne hoton ke samun numfashi.

Mataki na biyar: launi

A nan zan ɗan daɗe, don wanda ya fahimci yadda ake buga waɗannan fastoci ba zai ƙara ruɗewa a kan launi ba.

A 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano hanyar bugu da dutse a birnin Munich. Ana samo lallausan dutsen farar ƙasa, mafi kyansa daga garin Solnhofen na Jamus, a goge shi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo. Sai a shafe dutsen da ƙaro da ɗan asid. Ƙaron nan dai shi ne wanda muka sani, na bishiyar da ke fitowa a Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya, wanda malamai ke sa wa tawada. Idan aka jiƙa dutsen, ruwa ya kama inda babu maiƙo, tawadar bugu kuma ta kama inda aka yi zane kawai, don ruwa da mai ba sa shiri. Kowane launi da dutsensa, kuma kowane dutse kuɗi ne da lokaci. Jules Chéret a Paris shi ya nuna cewa duwatsu uku ko huɗu sun isa: ja, ruwan ɗorawa da shuɗi, a riƙa ɗora wani kan wani su haifi sauran. Da wannan hanya aka buga fastar da Marcellin Auzolle ya yi wa majigin 'yan'uwan Lumière a 1896, wadda ke nuna 'yan kallo suna dariya a gaban allo. Ko bayan da sababbin injina suka karɓe aikin daga dutse, ƙarancin kuɗi da na tawada ya sa masu zane da yawa a gabashin Turai suka ci gaba da aiki da launi kaɗan.

To ga dokar da za ka ɗora wa kanka: launi uku, sai launin takarda ya zama na huɗu. Ɗaya mai duhu, baƙi ko shuɗi mai duhu sosai, shi zai ɗauki siffa da rubutu. Ɗaya mai zafi, ja ko ruwan goro, wanda za ka sa a wuri ɗaya ko biyu kacal, inda kake son ido ya fara sauka. Na ukun mai sanyi, ya cika baya. Idan kana son wani launi, ɗora biyu daga cikin ukun kan juna ka same shi, kada ka buɗe sabon launi. Duk inda kake son fari, bar takarda tsirara, kuma takardar kada ta zama fara ƙal, ta ɗan karkata zuwa ruwan madara.

Inuwa fa? Kada ka yi amfani da irin narkewar launi mai santsi da kwamfuta ke yi, nan take za ta tona maka asiri. Masu bugun dutse suna tsoma buroshi mai tauri a tawada su karce shi, ya fesa ɗige-ɗige, inda suka yi yawa ya yi duhu. Tsohon buroshin goge haƙori zai yi maka wannan. Rufe inda ba ka so da takarda, ka fesa a sauran. Ko kuma ka ɗora takarda a kan siminti mai ɗan kaushi ka goga gawayi ko baƙin alli, za ka sami tsakuwa-tsakuwa irin ta dutse.

Mataki na shida: yi da hannu, launi ɗaya a takarda ɗaya

Zana babban hoton da fensir a A3. Sannan ka samo takarda mai shara-shara guda uku, ɗaya don kowane launi. Ɗora ta farko a kan zanen, ka cika duk inda launi mai duhu zai zauna. Ta biyu, inda ja zai zauna. Ta uku, baya. Dukkansu da baƙar tawada za ka yi su, launin sai a kwamfuta. Sa 'yar alamar gicciye a kusurwoyi huɗu na kowace takarda, a wuri ɗaya, don su hau kan juna daidai daga baya. Abin da kake yi ke nan daidai da abin da mai dutse yake yi.

Kada ka gyara kowane kuskure. Inda buroshi ya bushe ya bar tsage-tsage, bar shi. Inda ka yanka takarda da almakashi gefen ya ɗan karkace, bar shi. Idan hanyar Chekoslobakiya ka bi, yi amfani da hotunan da kai ka ɗauka, ko tsofaffin zane-zanen da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Wannan batu ba wasa ba ne: a ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma yawancin mutanen da na ambata ba su kai haka ba. Koyi hanyarsu, amma hoton ya zama naka.

Mataki na bakwai: rubutu

Sunan fim ɓangare ne na zanen, don haka tun a ƙananan akwatuna ya kamata ka ba shi wuri. Masu zanen Poland da Italiya da Faransa da hannu suke rubuta shi, da buroshin da suka yi hoton, shi ya sa rubutu da hoto suke kamar 'yan uwa ɗaya. Rubuta sunan sau goma, sau ashirin, da sauri, ka zaɓi wanda ya fi rai, ko ka yanko haruffa mafi kyau daga nan da can ka haɗa.

Rubutun hannu yana warware mana wata matsala tamu. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an rubuta sunan fim ɗin Hausa babu lanƙwasa, ma'ana ta canza. Mutanen Poland da Chekoslobakiya su ma haruffansu na da wutsiyoyi da ɗigo, kuma masu zanensu sun mayar da su ado. Lanƙwasar ƙ tana iya zama ƙugiya, ta ɗ tana iya zama wuyan tsuntsu.

Sunayen darakta, 'yan wasa da kamfani kuwa a yi su ƙanana, a tara su wuri guda, a ƙasa ko a gefe, da salon haruffa ɗaya tak. Kula da zamani: Futura ta fito a 1927, Helvetica a 1957. Idan fastarka ta shekarun 1930 ce, Helvetica ba ta da hurumi a ciki. Ka kuma sa hannu, ƙarami, a wata kusurwa, da shekara. Masu zanen Turai suna yin haka, shi ya sa yau muka san sunayensu.

Mataki na takwas: haɗawa a kwamfuta

Yi wa kowace takarda sikanin a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, tun da za ka ninka girmanta daga A3 zuwa A1. Idan babu na'urar sikanin, ɗauki hoto da waya a inuwa da rana, wayar tana fuskantar takardar sak. Buɗe fayil mai girman A1 a 300 dpi, wato ɗigo 7016 a faɗi da 9933 a tsawo, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Leya ta ƙasa, wato shimfiɗar farko da za ka ɗora sauran a kanta, ita ce launin takarda. Kowane sikanin ya zama leya mai zaman kanta: cire farin, ka canza baƙin zuwa launin da ka zaɓa, ka sa leyar a kan Multiply don inda launi biyu suka haɗu su haifi na uku.

Da ka daidaita su da alamomin gicciyen nan, sai ka ture leyar ja da kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya, gefe guda. A tsohon bugu launuka ba sa zama cif a kan juna, kuma wannan ɗan gocewar tana ba hoto rai. Kada ta wuce haka. Batun tabo, yagewa da layin ninki kuwa, ni ban yarda da su ba. Gaskiya ne tsofaffin fastoci a ninke ake aika su gidajen silima, shi ya sa suke da layi, amma ranar da Tomaszewski ya karɓi fastarsa daga madaba'a sabuwa ce fil. Sabuwa ya kamata taka ta fito.

Mataki na tara: bugu da gwaji

Mayar da fayil ɗin zuwa CMYK, wato tsarin launi na injin bugu, kafin ka kai madaba'a, ka duba jan musamman, don shi ya fi mutuwa tsakanin allon kwamfuta da takarda. Ka ce a buga maka a takarda marar sheƙi, mai ɗan kauri. Takarda mai walƙiya ko ledar bana za ta kashe duk wahalar da ka sha. Fara da gwaji ɗaya a A3, kada ka biya kuɗin bugu mai yawa kafin ka gani da idonka a hasken rana.

Manna gwajin a bangon waje, ka tsallaka titi. Kira wanda bai san fim ɗin ba, ka ba shi daƙiƙa uku ya kalla, sannan ya juya baya ka tambaye shi abu biyu: me ya gani, kuma mene ne sunan fim ɗin. Idan ya lissafo abubuwa huɗu, koma ka cire biyu. Idan ya faɗi hoton amma sunan ya ɓace masa, ƙara wa rubutun girma ko ka matsar da shi kusa da inda jan yake, ka sake buga wani gwajin, ka nemo wani mutum dabam wanda bai ga na farko ba.